Gwiwoyin Ɗanjuma Dogo

Kafin rana ta ɗaga Ɗanjuma Dogo yakan baro unguwar Hindawiyya ta Makka, gammo a hammata, ya nufi Harami. Sana'arsa ɗaukar shibriyya, gadon katakon nan da mutum huɗu ke ɗorawa a ka su yi ɗawafi da tsoho ko majinyaci. Wa zai ce shi ne ya taɓa gigita 'yan kallo a wata kwaleji a Zariya, lokacin ƙwallon kwando na sabon abu? Miƙa hannu kawai yake ya zura. Ya zo hajji tun kafin 'yancin kai, Makka ta riƙe shi, ko iƙama, takardar izinin zama, babu.

Tsawon da ya yi masa rana a fili, nan sai ya so ya hana shi abinci. Ranar farko gado ya karkace, tsohuwar da ke kai ta kusa zamowa. Maman, babban ayarinsu, ya ce, "Dogo, ka yi haƙuri, kanka ba sa'an namu ba ne." Bai yi musu ba. Ya lanƙwashe gwiwa irin ta mai tsaron gida a wasa, ya ce, "Yaya, a sake gwadawa." Gado ya daidaita. A haka ya yi ta kewaya Ɗakin Allah shekara da shekaru, bai taɓa miƙewa da kaya a ka ba.

Kai ne Dogo mai rage tsawo. Tsofaffi nawa suka sauka suna sa albarka, ba su san gwiwar wa ta ji jiki ba?

Hajjin bana, na 1968, gwiwoyin suka ce sun gaji. Ko ƙofar gida ba ya kaiwa, abin da ke cin ransa kuwa ɗawafi ne, wanda bai taɓa wuce shi ba. Su Maman suka zo da shibriyya, ya ce kunya ba za ta bar shi ba.

"Yalla, maza hau," in ji Maman. "Ko so kake a ce ba mu da amana?"

Gadon ya yi masa kaɗan, ƙafafu na reto. Suka kutsa da shi cikin jama'a, suka cika bakwai, hawaye na bin kuncinsa. Da suka sauke shi ya ce, "Ashe haka suke ji."

Haka suke ji, Dogo. Mun gode, Allah ya saka maka da Aljanna. Mu kuma da Allah ya ɗaga, mu koyi rusunawa.