Babur Ɗin da Ya Kasa Ɗaukar Mu Biyu

Babur ɗina na farko yayana ne ya bar mini lokacin da ya yi mota. Babba ne, irin na 'yan acaɓa, mai doguwar kujera, ga nauyin tsiya. A lokacin muna haya a Gyaɗi-Gyaɗi, ina koyarwa a wata sakandare can wajen Hotoro, saboda haka kullum sai na ratsa ta Tarauni.

Katanga ɗaya ce tsakaninmu da wani ɗan Kudu, Kirista, wanda ya zo Kano tun yana saurayi, ya yi aure ya haifi 'ya'yansa duk a nan. Shagon kayan wuta gare shi kusa da kasuwar Tarauni. Ya girme ni sosai, kuma ƙato ne, in ya tsaya a ƙofar shagon sai ya cika ta. Kowa Oga yake ce masa, shi kuma yana ce mini Malam. In ta bayan katanga ka jiyo Hausarsa, ba za ka ce ba a cikin birni aka haife shi ba.

Wata safiya da damina na gan shi a bakin titi, duk adaidaita sahun da ta zo a cike take. Na tsaya na ce ya hau. Washegari na sake tarar da shi a wurin, daga nan abin ya zama jiki. In na fito da babur sai in buga hon sau ɗaya, ya fito da 'yar jakarsa yana gyara takalmi. Mun yi shekaru a haka. In tsohon babur ya ƙi tashi, shi ke sauka ya tura yana haki yana yi mini tsiya.

Abin da ban lura da shi ba sai daga baya, hirar kan babur daban take da ta zaure. Ba ka ganin fuskar mutum, shi ma ba ya ganin taka, sai maganar ta fito da sauƙi. A kan babur ya gaya mini babban ɗansa ya bar makaranta bai sanar da kowa ba. A kansa ni ma na gaya masa matata ta yi ɓari karo na biyu, abin da ko 'yan'uwana ban iya faɗa musu ba. Ya dafa kafaɗata, bai ɗauke hannun ba har muka isa shagonsa.

Da tafiya ta yi nisa babur ya gaji. Ya riƙa shan baƙin mai, yana hayaƙi, kaca na zamewa. Bakanikena ya ce injin ya gama nasa, gyara ɓata lokaci ne. Wannan ya zo daidai da lokacin da fetur ya yi tsadar da kowa ya ji a jikinsa. Na daɗe ina juya abin a raina. A ɗakin malamai kowa da shawararsa. Wasu suka ce in sake babba, don shi ke jure ramuka da ruwan damina. Wasu suka ce ƙaramin nan da ake kira roba-roba ya fi dacewa da ma'aikaci, mai kaɗan ya ishe shi, ga sauƙin shiga lungu. Har babur mai lantarki wani ya ambata. Da na gaya wa Oga sai da ya yi dariya har babur ya karkace, ya ce shi da yake sayar da kayan wuta ya fi kowa sanin yaushe rabon unguwarmu da wutar.

Ranar wata Asabar ya bar shagonsa ya raka ni wajen masu sayarwa. Na gwada babban, na ji shi daidai kamar na da. Na gwada ƙaramin, shi ma ya yi mini, ba nauyi, ba ƙara. Oga ya ce bari ya hau baya mu gani. Yana zama babur ya nutse har mai shagon ya kawar da kai yana murmushi, amma ya ce ai zai ɗauka, a hankali. Na kalli babban, na ce ina ga shi zan ɗauka. Oga ya ja ni gefe.

"Malam, Hotoro kake zuwa kullum, ga iyali. Kada ka sayi babur saboda ni. Ɗauki ƙaramin."

Na ce to shi fa. Ya ce ai zai rage tuwo. Muka yi dariya, na ɗauki ƙaramin.

Mun gwada kuwa. Amma duk ramin da muka faɗa sai tayar baya ta gogi ƙarfe, kan babur ɗin ya riƙa rawa a hannuna. Hirar ma ta gagara, don hankalina duk yana kan titi, shi kuma ya ƙanƙame ƙarfen baya yana tsoron motsi. Ba a daɗe ba wayoyin tayar suka fara tsinkewa. Wata safiya na buga hon, sai matarsa ta leƙo ta ce ya riga ya fita. Da yamma na same shi, ya ce ba zai kashe mini sabon abu ba, adaidaita sahu ta ishe shi. Na roƙe shi, ya ƙi. Washegari ma na buga hon, amma da ya ƙi sau uku ko huɗu sai na daina.

Ba faɗa muka yi ba. Muna gaisawa a ƙofar gida, yara na shiga gidajen juna. In na biyo ta Tarauni da yamma nakan tsaya a shagon, amma kullum da masu ciniki, ko wani ya zo gwada ƙwan fitila, sai a tsaya a ya gajiya, ya iyali. In muka samu zama ma, muna kallon juna, sai maganar ta koma ta fetur da ruwan sama. A hankali na fara bin wata gajeriyar hanya ta cikin Daurawa wadda ƙaramin babur ke shiga, ba na ma bi ta gaban shagon.

A bakin matata na ji za su koma garinsu. Ta ce ai ciwon suga ya taɓa masa ido, ya daɗe yana zaryar asibiti, yanzu ko rubutun jikin kwali ba ya iya karantawa. Ta ɗauka na sani. Na shiga wajensa na tarar da shi a tsakar gida cikin kwalaye, ya rame har rigar ta yi masa yawa. Na tambaye shi me ya sa bai gaya mini ba.

"A ina zan gaya maka, Malam? A ƙofar gida?"

Ba da zafi ya faɗa ba. Ya ma tambaye ni ya babur, na ce lafiya ƙalau yake, ya ce ai ya san zaɓin ya yi kyau. Kuma gaskiyarsa ne, har yau shi nake hawa, bai taɓa ba ni wahala ba. Wannan ne ma ya sa ban san inda zan ajiye abin da ke damuna ba.

Ranar tafiyarsu na bi motar kayansu har tasha. Muka yi sallama, ya riƙe hannuna ya daɗe, yana kallon gefen fuskata kaɗan, don ba ya gani sosai. Da farko mukan yi waya. Yanzu yawanci 'yarsa ce ke ɗauka, ta ce Baba yana hutawa, amma ya ce a gaishe ni. Gidan nasu wani direban tirela ne ya kama, mutumin kirki, sai dai ba ya cika zama a gari.