Ranar da Muka Ɓoye Yoyon Asibitinmu

Shekarun baya, lokacin da matata ke da cikin 'yarmu ta biyu, aka saka ni a kwamitin ƙaramin asibitin unguwarmu, nan cikin birnin Zariya. Ba don ilimi aka saka ni ba. Firamare kawai na yi, sana'ata ɗinki. An dai san halina ne: ni ne mutumin da zai kulle shago, ya kai ƙofar gida, ya dawo ya sake jijjiga kwaɗon. Abokina, wanda shagonsa ke jikin nawa, ya ce gara a ba ni abin damuwa na gaske, kwaɗon ya huta.

Babbar matsalar asibitin ita ce rufin ɗakin haihuwa. Kwanon ya ci tsatsa, silin ya jiƙe ya rufto ta gefe guda, har ana hango hasken rana ta cikin ramin. Da damina malamar asibitin kan jera bokitai da baho a ƙasa, ta riƙa jan gado tana neman inda ruwa ba ya ɗiga. Shekara da shekaru, in kuɗin gyara ya zo daga jiha, raba daidai ake yi, kowace mazaɓa ta sami ɗan kasonta. Kason kan sayi fenti da tsintsiya, amma ba ya kai rufi.

A wannan shekarar sai aka ce an canja tsari. Ba sauran raba daidai. Za a turo ma'aikata su zaga asibitoci su gani da idonsu, inda aka fi buƙata can za a fara. Na yi murna, domin lissafin malamar ya nuna matata za ta haihu ne a tsakiyar damina, kuma tun da na ji haka nake kallon ramin nan kamar a kaina yake.

Mai unguwa ya tara mu a zaurensa. Ya ce baƙi za su zo daga Kaduna, sai a shirya. A share, a yi fenti, a aro benci daga Islamiyya, a roƙi Alhajin da ke da injin niƙa ya ba mu aron janareta. Aka yi ta cewa madalla.

Na daɗe ina murza hulata kafin na buɗe baki. Na ce, "Ranka ya daɗe, in buƙata suka zo gani, ba gara su tarar da ita a fili ba?"

Ya dube ni a hankali. Ya ce, "Malam, in surukinka zai zo gidanka, tabarmar da ta yage kake shimfiɗa masa? Mu 'yan birni ne. Ba za a koma Kaduna ana cewa an tarar da mu cikin ƙazanta ba. Za mu faɗa musu matsalarmu da baki, cikin mutunci."

Maganarsa ta shige ni. Ni ma a gidan da aka haife ni, ko babu abin da za a ɗora a murhu, in baƙo ya yi sallama sai an nemo abin da za a ajiye a gabansa. Na koma shago da damuwa biyu maimakon ɗaya. In mun rufe ramin, mun ɓoye gaskiya. In mun bar shi da gangan don a ji tausayinmu, wannan ba roƙo ba ne da dabara? Na kai wa abokina maganar. Ya ce, "Kai dai ko Aljanna aka ce ka shiga, sai ka tsaya tambayar ko ka goge ƙafa."

Da yake ni ne tela a kwamitin, ni aka ba aikin silin. Aka sayo farin yadi, aka ce in yi yadda za a yi ramin ya ɓace. To, ni ba na iya aikin rabi-rabi. Na auna, na sake aunawa, na yi kalmasa a gefe, na kafa shi da ƙusa har babu tattara ko ɗaya. Abokina ya leƙo ya ɗaga kai ya ce, "Tabarkalla! Ko ɗakin amarya albarka." Malamar asibitin kuwa, da aka ce ta kwashe bokitanta, ta kwashe, ta kai su bayan ɗaki ta kife.

Ranar da baƙin suka zo, fanka na juyawa, abin da ban taɓa gani ba a ɗakin. Bango fari tas, benci a jere, ƙamshin turaren wuta ya cika baranda. Mahaifiyata da matan unguwa sun yi waina da miyar taushe. Shugabar ma'aikatan, wata Hajiya mai tabarau, ta shiga ɗakin haihuwa ta ɗaga kai. Ta ce, "Masha Allah, kuna kula da wurin nan." Mai unguwa ya ce, "Muna ɗan ƙoƙari, Hajiya, sai dai rufin yana ɗan taɓa yoyo." Ta ce to, kusan ko'ina haka ne. Ina tsaye a bakin ƙofa, maganar tana bakina, amma manya na magana, kuma yadin nan ɗinkina ne. Suka ci waina, suka yi godiya, suka tafi.

Bayan wani lokaci labari ya zo. Asibitinmu yana cikin waɗanda aka ce suna tsaye da ƙafarsu. Kuɗin ya tafi wasu asibitocin, na farkonsu wani da ke bayan ganuwa.

A majalisa aka yi ta magana. Wasu suka ce mutanen can sun yi wayo ne, sun ɓata wurinsu da gangan. Wasu suka ce da ma a koma raba daidai, ko fenti ne mu samu. Ni abin ya hana ni sukuni, don ba na son in zargi mutane a kan abin da ban gani ba. Wata rana bayan Azahar na rufe shago, na hau keke mai ƙafa uku na tafi can.

Ba wayo suka yi ba. Ɗakinsu na haihuwa rabin rufin ma babu, iska ta yaye shi tun daminar da ta wuce. Bangon ya tsage, hannuna zai iya shiga. Ba su da gado, sai katifa a ƙasa a ɗakin ajiye magani, nan mata ke haihuwa. Na tsaya ina kallo, wani dattijo ya zaci ni ma daga Kaduna nake, ya kawo mini kujera da ruwa. Na dawo na gaya wa abokina cewa ko da ba mu rufe raminmu ba, sun fi mu buƙata. Ya ce, "To ka ga, sai ka kwantar da hankalinka." Na ce ai ba asibiti ɗaya aka gyara ba, wataƙila da mun zo a bayansu. Ya ce, "Na san za ka samo wani abin."

Matata ta haihu a tsakiyar damina, da la'asar, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ina baranda ina jin ɗigar ruwa a cikin baho daga ɗakin. Yadina ya tara ruwa ya yi tumbi, malamar ta sa sandar tsintsiya ta huda shi don kada ya fashe a kan gado. Mahaifiyata ce ta riƙe lema a kan matata har aka sauka. Allah ya sa lafiya, uwa da 'ya. Da aka fito, malamar ta miƙo mini yadin a jiƙe ta ce, "Malam, ga ɗinkinka. Ya yi kyau dai."

Da zagaye na gaba ya zo, mai unguwa da kansa ya ba da umarni: kada a taɓa komai. Ba fenti, ba benci, ba janareta, ko shara kada a yi. Bokitai su zauna inda suke zama. Ya faɗa yana kallon ƙasa, kamar wanda aka sa ya fita ba hula.

Da sanyin safiyar ranar na je dubawa, kamar yadda na saba. Na tarar da mahaifiyata a duƙe da tsintsiya, ta kusa gama baranda. Na ce, "Inna, an ce kada a share." Ba ta ko ɗago ba. Ta ce, "Rufi suka zo gani, ba datti ba. Matsa mini." Kuma sai da ta yi musu waina.

A wannan karon aka yi mana rufin.

Har yau ban gama yanke wa kaina hukunci a kan abin ba. Tsarin a ba wanda ya fi buƙata daidai ne, na gani da idona a bayan ganuwa. Sai dai yana son mutum ya buɗe rashinsa a gaban baƙo, mu kuwa tun muna yara rufe shi aka koya mana. Ina zaton akwai unguwanni da yawa da har yanzu suke aron benci.

Yarinyar yanzu tana makaranta. Yadin kuma yana shagona, da shi nake rufe keken ɗinki. Hujin sandar tsintsiyar yana nan a tsakiyarsa. Na sha ɗauko allura zan ɗinke, sai in fasa.