Kaset Mai Ƙanshin Turare

Har gobe ba zan manta da ranar da Hajiya Rabi ta shigo shagonmu na unguwar Ƙiblatain a Madina da kaset naɗe a ɗankwali ba. Aikina a wurin shi ne juye tsofaffin kaset ɗin bidiyo zuwa kwamfuta, yawanci na biki da suna.

Wanda ya rako ta Dokta Sani ne, wani likita ɗan Kano da ya daɗe yana cina da naci. Shi da abokansa masoya wani tsohon fim ɗin Hausa ne, suna son mayar da shi yadda aka haska shi a silima, don masu buga faifai sun yanke waƙar makaɗa ta tsakiya, wai ta yi tsawo. Sun nemi cikakken kwafi har sun gaji. Sai suka ji cewa marigayi mijin Hajiya yana cikin makaɗan, kuma ya taho Madina da kaset ɗinsa.

Ina kwance ɗankwalin ƙanshin turare ya buge ni. Shekara da shekaru kaset ɗin yana akwatin tufafinta, ita kuwa duk Juma'a sai ta turara akwatin. Maiƙon hayaƙi ya shiga ya manne zaren. In ya tsinke a na'ura, shi ke nan, babu wani.

Mudir ɗinmu, wato mai kula da shagon, ba ya son jira. Ya ce in saka kawai, Allah zai kiyaye. Raina ya ɓaci, na ce ba da hannuna ba. Na cire murfin, na riƙa warware zaren a hankali ina gogewa da ƙyalle mai laushi. Kwana huɗu na yi, har wuyana ya ƙage.

Ranar juyewa hoton ya ɗan yi rawa, sannan ya tsaya. Waƙar ta fito cif, har da allon hutun rabin lokaci. Daɗi ya kama ni, na ce bari in share tabo-tabon hoton. Dokta ya hana, ya ce haka suka gan shi a silima.

Hajiya ta matso, ta ɗora yatsa kan mai kalangu na biyu.

"Ga Malam nan, ɗana. Mayar mini baya."

Sau biyar na mayar mata.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, duk kaset ɗin da aka kawo ku shinshina shi kafin ya kusanci na'ura. Mutanenmu, abin da suka fi so shi suke turarawa.