Ɗakin Inna Ita Kaɗai

Shekara ashirin da bakwai Inna ta yi tana gyaran ɗakunan otal, duk a hawa na uku, ɗaki goma sha huɗu kowace rana. Ta kama aikin ne wata biyar bayan rasuwar mijinta, lokacin Auta ba ta daɗe da fara tafiya ba, babban ɗanta kuma yana aji biyu na firamare. Ba ta taɓa kwana a ko ɗaya daga cikin ɗakunan nan ba, amma babu wanda ya san su kamarta. Tana tura ƙofa za ta gaya maka wane irin mutum ne ya kwana a ciki: mai tsafta ne, ƙazami ne, ko wanda suka kwana suna rigima da matarsa.

Nata ɗakin kuwa ɗaya ne tal, na haya, a bayan wani gidan burodi. Katifa biyu ce a ƙasa, da labule a tsakani. Auta harbi take yi cikin barci, yayanta kuma ba ya iya haddar karatu sai da ƙarfi, ga zafin tanda yana ratso bango. Idan Inna ta dawo bayanta na ciwo, ta tarar ko wurin ajiye ƙafa babu, takan yi mita irin ta iyaye mata, ta ce, "Allah ya nuna mini ranar da zan miƙe ƙafata ni kaɗai, ba mai taka ni!" Ita kafin gari ya waye ta manta ta faɗa. Yaron ne bai manta ba. Wasu yaran in ka faɗi magana ta kunnen hagu take fita, shi kuwa nasa kunnen kamar asusu.

Allah ya yi wa yaran buɗi. Babban ya zama injiniyan gada a wani birni mai nisa, ya yi aure, ya sami 'ya'ya mata biyu. Auta ta zama ma'aikaciyar jinya a wani garin daban. Shekara shida da suka wuce Injiniya ya tsaya kai da fata sai da Inna ta ajiye aiki, ya kama mata gida mai ɗaki uku da falo. Gida ne mai kyau, babu laifi. Sai dai daga safe zuwa yamma babu mai magana a cikinsa sai firji. Takan share ɗakunan da ba kowa, ta canza zannuwan gadon da ba wanda ya kwanta a kai, ta zauna tana jiran waya ta yi ƙara.

Ran nan wayar ta yi ƙara, sai ga muryar Injiniya cike da ɗoki. "Inna, ki shirya. Hutun bana ƙasar waje za mu, dukanmu, har da Auta. Kwana goma sha biyu. Za ki ga birane, ki ga gidajen sarakunan dā masu ganuwa da hasumiya, ki ga ƙauyukansu."

Gaskiyar magana, sarakunan dā da ganuwarsu ko a jikinta. Abin da ta ji kawai shi ne kwana goma sha biyu, da kuma dukanmu. Ta riga ta hango kanta a tsakiyar jikoki, wannan ta ɗora mata ƙafa, waccan tana jan bargo, Auta na ba ta labarin asibiti har barci ya kwashe su. Abin da ta fara sakawa a akwati mataji ne da man gashi, don ta ƙudura sai ta yi wa yaran kitso da hannunta.

A otal na farko, a wani birni mai kogi a tsakiyarsa, Injiniya ya dawo daga wajen masu karɓar baƙi da katin ƙofa uku. Ɗaya nasa da matarsa. Ɗaya na Auta da yaran. Na ukun ya riƙe shi da hannu biyu ya miƙa wa Inna, bakinsa har kunne.

"Wannan naki ne ke kaɗai, Inna. Ya fi namu duka. Tagarsa kogi take kallo."

Ɗakin a hawa na bakwai yake, su kuma suna na biyu. Gadonsa mutum huɗu zai ɗauka. Ta zauna a bakinsa da jakarta a cinya kamar mai jiran likita.

Haka aka yi ta yi, gari bayan gari. Da rana ana tare, amma tare ɗin na gudu ne: a hau mota, a sauka, a bi wani ɗan jagora mai ɗaga laima sama, a tsaya a ɗauki hoto, a ce Inna ki yi murmushi. Da an ci abincin yamma kowa ya gaji, a yi mata sai da safe a bakin lifta, ƙofa ta rufe. Ita kuwa jikinta ya saba da tashin asuba. Kafin rana ta fito ta gyara gado, ta wanke banɗaki, ta goge madubi, ta zauna jiran a ƙwanƙwasa ƙarfe tara.

Auta ce ta kama ta wata safiya da tsumma a hannu. "Haba Inna! Akwai masu wannan aikin fa. Hutu kika zo."

"To hannun ne ba ya jin magana," in ji Inna.

Ba wai ba ta gwada faɗa ba. A gari na biyu ta ce da ɗanta, "Ɗakin nan ya yi mini girma." Ya yi dariya ya ce, "Ya ma yi miki kaɗan." A gari na uku ta ce ko za a bar ƙaramar jikar ta kwana wajenta. Surukarta, yarinya mai ladabi, ta yi saurin cewa, "Wannan, Inna? Ai ba za ta bar ki ki runtsa ba, juyi take yi kamar fanka. Ki dai huta." Kowa so yake ya kyautata mata, shi ya sa ta rasa wanda za ta ji haushi. Matajin yana nan a ƙasan akwati.

Gidajen sarakunan kuwa ta gan su, amma da idon sana'arta. Mutane na ɗaga kai suna mamakin zanen rufi, ita tana tunanin wanda ke hawa ya goge fitilun. A ɗakin barcin wani sarki, wanda aka kewaye gadonsa da jar igiya, ta lura an soke kusurwar zanin a karkace, har yatsunta suka yi ƙaiƙayi. A gida na ƙarshe ne mai laima ya hau da su wani siririn tsani zuwa ƙarƙashin rufi, inda barori mata na gidan ke kwana a dā. Gadaje shida ne na ƙarfe a jere, kusan suna gogar juna, da 'yar taga ɗaya. 'Yan yawon buɗe ido suka yi ta girgiza kai.

"Kin ga zalunci ko, Inna?" in ji Injiniya. "Ɗaki ɗari a ƙasa, su shida a nan."

"Amma fa sun sha hira," ta ce.

Ya ɗauka wasa take yi, ya yi dariya ya wuce. Ita ce ta ƙarshen sauka.

Kwana biyun ƙarshe a karkara za a yi su. Jirgin ƙasa ya ratsa da su ta tsakanin tuddai kore shar, da shanu masu ƙararrawa a wuya, har suka isa wani gidan gona da aka mayar masaukin baƙi. Ana yayyafi. Mai gidan ya duba littafinsa, ya sosa ƙeya, ya yi dogon bayani cikin harshensu. Auta ta juyo ta ce, "Wai an yi kuskure, Inna. Maimakon ɗaki uku, sashe ɗaya aka ajiye mana. Babban ɗaki mai gado huɗu, da ƙaramin ɗaki a ciki."

Inna ta sunkuyar da kai don kada a ga fuskarta. Daɗi ne ya kama ta, irin wanda rabonta da shi har ta manta.

Injiniya ya tsaya a ƙasa da mai gidan, su kuma suka hau duba wurin. Ɗaki ne mai rufin katako, yana ƙanshin sabulu da ciyawa. Kafin kowa ya ajiye jaka Inna ta gama rabo. "Injiniya da matarsa su shiga ciki, akwai ƙofa. Auta, ke ɗauki na bango, kin san halinki da faɗowa. Ku yara, ɗaya nan, ɗaya can. Ni ga nawa a tsakiya." Ta tura gadaje biyu suka haɗe, ta karkaɗe barguna, ta jera takalman kowa a bakin ƙofa. Har waƙa take yi ƙasa-ƙasa. Ta buɗe akwati ta zaro mataji, ta zaunar da babbar jikar a gabanta ta soma tsefe mata kai, ƙaramar kuma ta haye bayanta tana ja mata ɗankwali. Daga ƙasa ana jiyo muryar Injiniya tana hawa tana sauka, ya tada jijiyar wuya. Inna ta yi ta roƙon Allah a ranta ya sa mai gidan nan ya zama mai taurin kai.

Ta gama layi uku na kitson ke nan sai ga shi ya shigo, goshinsa duk gumi, yana kaɗa wani babban makulli na ƙarfe.

"An samu, Inna! Da farko cewa ya yi babu, na ce bai isa ba. Akwai wani ɗan gida can bayan rumbu, na baƙinsa na musamman, shi ya ba mu. Mu ma matsu a nan, ba komai. Na gaya masa uwata ta gama kwanan cunkoso a duniya, in dai ina raye."

Ta buɗe baki. Maganar na nan a kan harshenta, guntuwa ce: ni nan nake so. Sai ta dubi fuskarsa. Mutum ne mai furfura a gemu, amma tsaye yake kamar ranar da ya kawo mata sakamakon jarrabawa yana jira ta duba. Shekara talatin yana ɗauke da wannan alkawari shi kaɗai, ta kuma san in ta faɗa, duk ɗakunan da ya zaɓo mata cikin kwanakin nan, har da gida mai ɗaki uku, za su rushe masa a kai. Ta haɗiye.

"Allah ya yi maka albarka," ta ce.

Auta ta karɓi matajin ta ce za ta ƙarasa. Injiniya ya ɗauki akwatin, ya riƙe mata laima suka ratsa tsakar gida, suka wuce rumbu da garken shanu. Ya nuna mata murhu da kujera mai lilo, ya ce ta huta sosai, ya koma da gudu saboda ruwan ya ƙaru.

Ba a jima ba aka ƙwanƙwasa. Ta miƙe da sauri, a zatonta jikokin ne. Matar mai gidan ce, tsohuwa kamarta, da faranti a hannu: butar shayi da kofuna biyu. Matar ta leƙa ciki, ta dubi kofunan, ta dubi Inna, ta ɗaga yatsu biyu tana tambaya da ido.

Inna ta ɗaga yatsa ɗaya. Matar ta gyaɗa kai, ta cire kofi ɗaya ta sa a aljihun rigar aikinta, ta miƙa mata farantin.