Ranar da Teku Ta Ɗauke Haramin Baba

Wata Laraba ce cikin watan Shawwal, shekarar da na fara famfara, kwananmu ɗaya da sauka a wani ƙauyen masunta arewa da garin Obok. Shekara huɗu muna hanya daga Kano, mu yi noma a nan, mu yi wankau a can, har muka iso Babul Mandab, inda teku ke matsewa kamar wuyan tulu. Da safe in gari ya washe kana hango duwatsun Yaman a tsallake, da wani baƙin tsibiri a tsakiya mai hasumiyar fitila.

Da hantsi Inna ta ciro haramin Baba daga ƙasan jaka ta wanke, don ƙurar hanya ta shige shi. Mahaifiyar Baba ce ta kaɗa zaren da hannunta, ta saƙa guda biyun, ta ce ya ɗaura a Makka, in kwanansa ya ƙare kuma a naɗe shi a ciki. Muna Sudan labarin rasuwarta ya iske mu. Inna ta duba gaɓa ta ga ruwa ya janye can nesa, ya bar yashi fari tas, ko kashin akuya babu. Mu mutanen tudu ne. Kogin da muka sani, in ya janye sai kuma wata damina. Sai ta ce ashe rani ya riga ya kama a ƙasar nan, ta ƙulle bakin ƙyallayen biyu wuri ɗaya saboda iska, ta shanya, ta danne da duwatsu, ta ce in zauna in yi gadi.

Ban zauna ba. Na ga wuri yana tafiya, wurin nan da ake yi wa ƙwarya ado da shi a gida, ashe halitta ce mai rai. Na bi shi, na bi ƙaguwa, na cika bakin zanena da katantanwa. Da na waiwayo, inda na bar shanya ruwa ne har gwiwa, duwatsun suna nan, haramin babu.

Inna ta ɗaga hannu za ta make ni, Baba ya riƙe ta. Bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi, "Ku bari, Allah ya ga niyyar tsohuwa." Amma ranar bai taɓa tuwo ba, kuma na gan shi zaune yana shafa jakar da babu komai a cikinta. Da dukana aka yi da ya fi mini sauƙi. Mai jirgin da zai ɗauke mu kuwa ya riga ya ce kwana tara suka rage, iskar kudu da ke tura jirgi zuwa Jidda ta kusa juyawa, ba zai jira kowa ba.

Akwai wata mata a bukkar da ke kusa da tamu, Hasna, matar wani masunci, doguwa mai wushirya. Ba ta jin Hausa, ni ban jin nasu. Ta yi dariya har da riƙe ciki da ta gane abin da muka yi, sannan ta ja ni bakin ruwa ta jefa kara. Karan bai tafi tsakiyar teku ba, gaɓa ya bi ya nufi arewa. Da guntun Larabcinta ta gaya wa Baba cewa a wannan lokaci na shekara ruwa ta wannan matsatsin tekun yake shigowa, kuma abin da ya ɗauka, can yake kai shi inda itatuwa ke tsirowa cikin ruwan gishiri da saiwoyinsu a waje. Ta ce ba ta yi alkawari ba, amma ta taɓa tsintar tabarmarta a can.

Tun daga ranar, kowace safiya in ruwa ya janye ina bayanta. Ita tana saro wa raƙuma ganye, ni ina ɗauko itace ina leƙa tsakanin saiwoyi, laka har cinya. A nan na koyi cewa ruwa sau biyu yake zuwa ya koma tsakanin yau da gobe, kuma kullum yana ƙara makara kaɗan. Na koyi jan ƙafa a cikin ruwa, don wani kifi mai faɗi kamar faifai yana kwanciya cikin yashi da ƙaya a wutsiya. Na ga ramin da kififiya ta binne ƙwai. Na ga manyan kifayen nan masu tsalle suna huci suna rakiyar jirage. Jiragen kuwa ba sa yankewa, masu hayaƙi, wani ya shiga wani ya fita, 'ya'yan Hasna suna rabon su, wannan nawa wancan naki. Ni ban shiga rabon ba, idona yana kan laka.

Rana ta takwas na hango wani abu nannaɗe a saiwa, ja-ja kamar an jiƙa shi a ruwan goro. Ƙullin Inna na fara ganewa. A kaina na ɗora shi, da lakar da ƙananan ƙaguwoyin da suka yi gida a ciki, ban yarda Hasna ta taya ni ba har gida. Baba ya warware shi, ya daɗe yana bin saƙar da yatsa, sannan ya ce, "Uwata, sannu da aiki." Sunan mahaifiyarsa gare ni, amma sai ranar na ji nauyin kiran. Inna ta wanke sau uku, jan bai fita duka ba. Haka ya ɗaura shi cikin dubban masu fararen kaya, haka kuma aka naɗe shi a ciki a Kano bayan shekara talatin.

Yanzu ina birnin Gwanzu, a unguwar Panyu, hawa na sha huɗu, wurin autana Sabi'u, ina rainon 'ya'yansa. Ran Juma'a abokansa 'yan Kano suna zuwa cin tuwona, su yi ta latsa waya suna maganar kwantena, wai jirage sun rage bi ta Babul Mandab, suna zagaye Afirka, kaya na daɗewa. Yadda suke faɗin sunan, ka ce wani layi ne a kasuwar Liuhua. Nakan ce musu ni da ban san ko bihim a takarda ba, na taka lakar wurin da ƙafata, ku kuwa sai ɗigo a taswirar waya. Su yi dariya su ce Hajiya ta fara.

Makon jiya Sabi'u ya dawo fuska a ɗaure, kayansa ba su isa Legas ba, laoban ɗin, wato mai kamfanin da ya loda masa, sai "meiyou" yake ce masa, wai babu labari. Na zuba masa abinci na ce ya ci. Ina kewar wancan yashin, da Hasna da ko sallama mai kyau ban iya yi mata ba. Amma na san halin ruwan nan tun kafin a haifi uban wani a cikin abokan nan nasa. Yana jinkiri, yakan kuma kawo.