Na'urar farauta ta kama Alhaji Sani da ƙosai

Jama'a, yau na'urar farauta ta yi kamun farko tun ba mu bar shago ba!

Kun san ni da Alhaji Sani, maƙwabcina, muna shirin farautar barewa a bayan gari. To da safe na ɗauko shi a titinmu, Fordham Road, nan ƙasar Turawa, mu je mu zaɓi na'urar nan mai hango zafin jikin dabba. Yana shiga mota ya ce, "Malam Bala, yau Alhamis, azumi nake." Saboda kara ko shayina ban kurɓa ba. Yunwa kamar ta kashe ni!

A shago Bature mai shagon ya fito da guda biyu, mai araha da mai tsada, ya ce in gwada. Na ɗora mai arahar a ido, na saita Alhaji. Dishi-dishi kawai. Na ɗauki mai tsadar. Innalillahi! Ga Alhaji tangaran, ga wani abu jajir a aljihun jaket ɗinsa, ya fi goshinsa zafi!

Na ce, "Alhaji, mene ne ke ci da wuta a aljihunka?"

Ya ce, "Waya ce."

Bature ya leƙa na'urar ya ce, "Wayarka guda shida ce, kuma duk mulmulallu?"

Sai ga ƙosai, har da yaji! Wai na buɗa-baki ne. Ƙarfe goma sha ɗaya na safe fa, kuma ɗaya da cizo a jiki!

Nan take na ce a naɗe min mai tsadar. Wadda ta kamo ƙosan Alhaji, barewa ba ta isa ta ɓuya mata ba.