Dorinar Kaka Dije da Keken Baba Audu

A ƙauyenmu na bakin tafki, kusa da Wara, wutar bandar kifi ita ce dandalinmu. Da an idar da sallar magariba, Kaka Dije, mahaifiyar babanmu, takan jawo kujerarta kusa da murhu tana juya kifi a kan waya, mu jikoki mu kewaye ta. Manya sun ɗauka son tatsuniya kaɗai ke kawo mu. Akwai shi, amma kuma hayaƙin na korar sauro, sannan in kifi ya karye wurin juyi, na wanda ya fi kusa ne. Ban taɓa yarda wani ya fi ni kusa ba, shi ya sa take kira na angonta makwaɗaici.

Tana da nata salon buɗe labari. Sai ta ce, "Ga wata ta fito daga ruwa." Mu amsa baki ɗaya, "Ta hau tudu mu gan ta!"

Wadda ta fi zama a raina ita ce ta dorina. Wai hanya ɗaya ce tak ke gangarawa mashaya, dorina na bi, ƙananan dabbobi ma nan suke bi. Yau ta take 'yan tsakin zabuwa, gobe ta guntule wa ƙadangare jela, jibi ta tsage bayan kunkuru. Duk wanda ya kai mata kuka, amsarta guda ce. A nan Kaka takan cika kumatu da iska, ta ƙanƙance idanu, ta ce da wata katuwar murya, "Ni wallahi ban gan ku ba!" Mu kuwa mu yi ta birgima don dariya.

Da bayan kunkuru ya warke, sai ya lallaɓa ya same ta. Ya ce, "Ranki shi daɗe, ba faɗa ya kawo ni ba. Roƙo guda gare ni. Ki shiga ciyawar nan ki kwanta, ki aza haɓarki bakin hanya, ki dube ta daga inda muke dubanta." Dorina ta kwanta tana dariya. Can sai ga 'ya'yanta biyu sun gangaro a guje. Daga ƙasa, ƙafafunsu sai ka ce turame ake jefowa daga sama, ƙasa na girgiza har cikin haƙoranta. Ta rintse ido ta kwarma ihu, "Ku tsaya! Akwai mai rai nan!" Suka ja da baya suka ce, "Inna, ai ba mu gan ki ba."

Daga ranar ta bar wa ƙanana gefen hanya, aka shuka ciyawar iwa a tsakani. Inda hanyoyin suka gitta juna kuma, sai ta tsaya ta yi huci sau uku kafin ta wuce.

Ni abin bai yi mini daɗi ba. Na ce, "Kaka, shi ke nan? Ba a yi mata hukunci ba?"

Ta miƙo mini jelar kifi, ta ce, "Angona, mi za a yi da hukunci? Zabuwa hanya taka so, ba kan dorina ba."

Kaka ta rasu ina aji biyu a sakandare. Na girma na zama direban bas, ina jigila tsakanin Yelwa da Wara. A Yelwa, bakin kasuwa muke lodi, a gefen titi, don nan fasinja yake. Masu tebur su ma sun turo kayansu har bakin kwalta, 'yan kabu-kabu sun cike abin da ya rage. Mai tafiya ƙasa ba shi da wurin sa ƙafa sai tsakiyar titi. Kullum ina ganin haka ta gilashi, ban taɓa ɗaukarsa matsalata ba.

Wata ranar kasuwa da hantsi, na cika mota, na murɗa sitiyari zan hau titi, sai na ji ƙwas a gefe. Madubina ya bugi kan keken wani tsoho, ya faɗa lambatu da shi da kwandon tumatir ɗinsa. Na fito da sauri. Mutane suka taru, na shiga rantsuwa, "Wallahi ban gan shi ba! Wallahi ban gan shi ba!" A karo na biyu na ji muryata da kunnena. Na san mai wannan magana.

Baba Audu sunansa, yana da ɗan lambu a bayan gari. Tsintsiyar hannunsa ta karye. Na kai shi asibiti, da aka gama ɗaure hannun na mai da shi gida. Na durƙusa ina ba shi haƙuri, ya dube ni ya ce, "Yaro, na san ba da gangan ka yi ba. Amma tumatir bai san an karya ni ba, nuna zai ci gaba da yi. Wa zai kai mini shi kasuwa?"

Na ce zan riƙa ɗauka da mota. Ya ce mota ba ta shiga lungun lambun, kuma sai gari ya waye sosai nake fitowa, alhali masu sari da sassafe suke saye. "Ga keke nan," in ji shi, "ba abin da ya same shi."

Haka na shafe mako shida ina hawan keken Baba Audu bayan sallar asuba, da kwando ɗaure a baya, kafin in je in tayar da motata. Titin da na yi shekaru ina bi, sai na tarar ban san shi ba. In babbar mota ta wuce, iskarta kaɗai sai ta nemi kayar da ni. Inda zan kauce, an ajiye tebur. Na ga mata da goyo suna tsayuwa a bakin titi, su sa ƙafa su janye, su sake sawa su janye. Wata safiya wani direba ya matse ni har na sa ƙafa a lambatu, ya leƙo ya ce, "Kai mai keke, titin na ubanka ne?" Sani ne, abokina, wanda muke cin tuwo kwano ɗaya da shi a tasha. Bai gane ni ba. Bai ma dube ni ba.

Na sami shugabanmu na direbobi, Alhaji Bala, na ce mu mayar da lodi filin bayan kasuwa. Ya ce, "Kai dai hatsari ya firgita ka. Fasinja ba zai bi mu can ba." Na ce, "Alhaji, ban ce ka yarda ba. Ka raka ni da ƙafa daga bakin kasuwa zuwa makarantar firamare, lokacin tashin yara." Ya yi dariya, amma ya zo. Tafiyar ba ta da nisa. Sau biyu ya tsallaka lambatu da babbar riga, sau ɗaya na fizgo shi daga gaban babur. Da muka isa ya zauna a kan dakali yana share gumi, ya daɗe yana kallon yara na ratsa motoci. Daga baya ya ce, "Kira mini sarkin kasuwa da shugaban 'yan kabu-kabu."

An sha musu. Sai da muka zauna sau huɗu a zauren mai unguwa. Daga ƙarshe muka koma bayan kasuwa da lodi, masu tebur suka ja baya, muka jera duwatsu muka shafa musu farar ƙasa, aka fitar da hanyar masu ƙafa da masu keke. Muka rubuta wa ƙaramar hukuma, bayan 'yan watanni aka yi tudun rage gudu a gaban makaranta. Fasinja kuwa ya bi mu, har yana yabon inuwar da ke filin. Ba a gama ba, har yanzu akwai masu ajiye mota a kan duwatsun, kuma sauran titunan garin suna nan yadda suke. Amma Sani ne yanzu ya fi kowa hayaniya in ya ga an tare hanyar.

Duk yarintata, in Kaka na wannan tatsuniya, kunkuru nake ɗaukar kaina. Ban taɓa tunanin mutum zai iya zama dorina ba tare da ya yi nufin mugunta ba, sai dai don ya zauna a sama ya daɗe. Kuma na gane abin da ya sa kunkuru bai tsaya gardama ba: wanda ke sama, magana ba ta sauko da shi, sai ya sauko da ƙafarsa.

Makon jiya na fito da mota cike, na hango Baba Audu a gabana a kan kekensa, cikin farin layin duwatsu, hannu ya warke. Yana tafe a hankali, yana gaisawa da masu shago. Na wuce ta gefensa da ƙarar injina duka. Ko waiwayowa bai yi ba, hankalinsa kwance a kan hanyarsa.